Kalmar da ta fito daga garke: tarihin «stampede» da ƴan uwanta

A duk lokacin da mutane suka mutu cikin cunkoso, a filin ƙwallo ko wurin ibada ko wurin rabon abinci, kafofin labarai masu aiki da harshen Ingilishi kalma guda suke fara jawowa, wato «stampede». Masu Sipaniyanci su ce «estampida» ko «avalancha», masu Faransanci su ce «bousculade», gidajen rediyon Hausa kuma su ce turmutsitsi. Mai sauraro yakan ɗauka cewa duk abu ɗaya ake nufi. Alhali kowace daga cikinsu tana da inda ta fito, kuma tana da hoton da take ajiyewa a zuciyar wanda ya ji ta. Ta Ingilishi, wadda ta fi sauran yawo a duniya, an same ta ne daga bakin makiyayan Meziko, kuma abin da take siffantawa tun farko shi ne garken dawaki ko na shanu da ya firgita ya kwasa da gudu. Yadda ta baro garke ta hau kan ƴan Adam, da abin da hakan ya jawo wa matattu da iyalansu, tarihi ne da ya kamata malamin harshe ya sani.

Tushenta: ƙarar ƙafa a ƙasa

Masana asalin kalmomi suna mai da ita ga wani tsohon tushe na harsunan Jamusawan dā, mai ma'anar buga ƙafa a ƙasa ko kirɓa abu. Daga wannan tushe ne Ingilishi ya sami «stamp», Jamusanci ya sami «stampfen». Tushen ya shiga harsunan da suka tsiro daga Latin, inda ya haifi «estampe» da «estampille» a Faransanci, da «stampa» a Italiyanci, wadda ita ce sunan ɗab'i da aikin jarida. Abin da ya haɗa su shi ne dannawa da ƙarfi: ƙafa a kan ƙasa, hatimi a kan takarda.

A kudancin Faransa, cikin harshen Oksitan na mawaƙan fada, «estampida» sunan wani kiɗa ne na rawa. Waƙar da aka fi sani a wannan salo ita ce Kalenda Maya ta Raimbaut de Vaqueiras, wanda ya rayu tsakanin ƙarshen ƙarni na 12 da farkon na 13. A Sipaniyanci kuwa, ma'anar da ta yi ƙarfi ita ce ta ƙara: «estampido» shi ne rugugin aradu ko tashin bindiga, «estampida» ma da farko amo take nufi. Har ila yau Sipaniyawa suna da maganar «salir de estampía», wato mutum ya fice da sauri ba shiri ba sallama. Ke nan kalmar ta fara ne da abin da kunne yake ji. Sai da ta tsallake teku sannan ta koma abin da ido yake gani.

Dabbobin da suka koma daji

Kafin zuwan Turawa babu shanu a nahiyar Amurka, dawakin da suka taɓa zama a cikinta kuma sun ƙare tun dubban shekaru. Kolumbus ne ya kai su tsibirin Hispaniola a tafiyarsa ta biyu, a 1493, kuma daga wajen 1521 shanu suka fara isa gaɓar Meziko. Sun tarar da fili marar iyaka da ciyawa mai yawa, sai suka hayayyafa fiye da yadda masu su za su iya tsarewa. Da yawa suka ɓalle suka koma daji.

Kiwon irin waɗannan dabbobi ya sha bamban da kiwon da ake yi a ƙasa da sanda, inda saniya ta san muryar mai ita. Sai a kan doki, da igiya mai zarge. Mai wannan sana'a shi ake kira «vaquero», daga «vaca», wato saniya. Mafi yawansu ƴan asalin ƙasar ne, da baƙar fata, da ruwa-biyu. Su ne suka san daren da tsawa za ta faɗi, garke ya miƙe gaba ɗaya, ƙasa ta ɗauki rugugin kofato, kuma su ne suka ba abin sunan ƙarar da yake yi. Ta haka «estampida» ta sami sabuwar ma'ana a Meziko.

Bayan Meziko ta sami ƴanci a 1821, fatake masu jin Ingilishi suka buɗe hanyar Santa Fe daga Misuri, manoma kuma suka fara kwarara Teksas. Sun zo da harshensu, amma ba su zo da wannan sana'a ba. Wanda ya koyi sana'a a hannun wani, da kalmomin mai koya masa yake tafiya. «La reata», igiyar ɗaure dabba, ta zama «lariat». «Lazo» ta zama «lasso». «Vaquero» ta zama «buckaroo». «Rodeo», «corral» da «bronco» suka shiga yadda suke. Dokin daji, «mustang», ya fito daga «mesteño», kalmar da ake dangantawa da Mesta, ƙungiyar masu tumaki da sarki Alfonso na 10 ya tabbatar a Kastil a 1273. A cikin wannan ayari ne «estampida» ta shiga Ingilishi. Tsakanin shekarun 1820 da 1840 matafiya da sojoji sun rubuta ta ta hanyoyi dabam-dabam, irin su «stampedo» da «stampiado», gwargwadon yadda kunnen kowa ya kama, kafin ta zauna a «stampede». A 1848, shekarar da Meziko ta rasa kusan rabin ƙasarta ga Amurka ta yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo, John Russell Bartlett ya fitar da ƙamusunsa na kalmomin da Amurkawa suka keɓanta da su. Kalmar ta riga ta zama ƴar gida a lokacin. Abin mamakin shi ne, Ingilishi ya aro abin da tushensa yake cikin gidansa tun asali, bai kuwa gane shi ba saboda tsawon tafiyar da ya yi.

Daren makiyayi a kan burtali

Zamanin da ya ɗaukaka kalmar shi ne na bayan yaƙin basasar Amurka, wanda ya ƙare a 1865. Teksas ta cika da shanu masu dogon ƙaho da ba su da kasuwa. Saniyar da ba ta wuce dala 4 ba a can tana iya kai dala 40 a biranen arewa. A 1867 Joseph McCoy ya buɗe kasuwar shanu a Abilene ta jihar Kansas, bakin hanyar jirgin ƙasa, aka fara koro garkuna ta burtalin Chisholm. Garke ɗaya yakan kai shanu 2,500 zuwa 3,000, da makiyaya goma ko sha biyu, suna cin kilomita 15 zuwa 25 a yini, tafiyar wata biyu ko fiye.

Babu abin da waɗannan mutane suke tsoro kamar firgitar garke da dare. Walƙiya tana tayar da shi, haka warin kyarkeci, haka ƙyasta ashana ko faɗuwar tukunya. Mai gadi yakan kewaya garken a kan doki yana rera waƙa a hankali, domin shanu su saba da murya, kada wata ƙara ta zo musu ba zato. In kuwa sun tashi, ba a tare su ta gaba. Mahayi yakan bi gefensu cikin duhu har ya cim ma na kan gaba, ya riƙa karkatar da su sannu sannu har kai ya haɗu da wutsiya, garken ya koma kewaya kansa, ya gaji ya tsaya. Dokin da ya saka ƙafa a rami yakan tafi da mahayinsa ƙarƙashin kofato.

Akwai kuma firgitar da ake haddasawa da gangan. Mayaƙan Komanci sun ƙware wajen tarwatsa dawakin abokan gaba da dare, su bar su a ƙasa cikin daji. Tun kafin wannan, mutanen filayen arewa suna kora ɓaunayen ƙasarsu zuwa bakin dutse su faɗa. Wurin da ake kira Head-Smashed-In a lardin Alberta na Kanada ya yi wannan aiki sama da shekaru 5,000, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1981.

Zamanin burtali bai yi tsawo ba. Wayar shinge mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, da isar jirgin ƙasa Teksas, sun kashe shi cikin shekaru ashirin. Abin da ya rage sai wasa da majigi. A 1912 Guy Weadick ya shirya bikin makiyaya na farko a Calgary ya kira shi Stampede, har yau kuma ana yin sa kowane watan Yuli. Finafinan kaboyi suka kai hoton ko'ina a duniya. A cikin Red River na Howard Hawks, na 1948, makiyayi mai satar sukari ne ya tuntsurar da tukwane garke ya tashi. Irin tasirin da finafinan nan suka yi a kan samarin Nijar shi ne abin da Mustafa Alasan ya ɗauka a fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier a 1966.

Daga shanu zuwa mutane

Tun kafin zamanin burtali, Amurkawa sun fara ɗora kalmar a kan mutane. A babban taron jam'iyyar Dimokurat na 1844 a Baltimore, Martin Van Buren ne ya fara da rinjaye amma ya kasa samun kashi biyu cikin uku da ake bukata. A zagaye na tara wakilai suka juya gaba ɗaya suka zaɓi James Polk, wanda ba a sa shi a lissafi ba. Ba da jimawa ba aka fara kiran irin wannan juyi «stampede», wato wakilai sun bi juna kamar shanu. Da ba'a aka faɗa, kuma waɗanda aka yi wa ba'ar manya ne masu bakin ramawa.

Amfani na biyu ya fi nauyi. Daga ƙarshen shekarun 1840, jaridun Amurka suka riƙa kiran guduwar bayi a ƙungiya «slave stampede». Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara ta faru a Kentaki a watan Agusta na 1848, inda bayi fiye da 40 suka nufi kogin Ohayo tare, aka bi su da makamai aka kama su. Irin wannan tafiya tana bukatar shiri na makonni, da sirri, da sanin hanya, da guzuri. Kalmar ta shafe duk wannan, ta bar hoton dukiya mai ƙafafu da ta tsinke igiya. Sipaniyanci ya riga ya yi irin wannan haɗi tun ƙarni na 16: «cimarrón» ana faɗa wa saniyar da ta koma daji, ana kuma faɗa wa bawan da ya gudu. Daga nan Faransanci ya sami «marron» da «marronnage», Ingilishi ya sami «maroon». Harsunan ƙasashen da suka mallaki bayi ba su sha wahalar sa mutum da dabba cikin kalma ɗaya ba.

Na uku shi ne rububin arziki. Da aka sami zinariya a Klondike ta arewacin Kanada a 1896, mutane wajen 100,000 suka kama hanya, kuma tsakanin 30,000 da 40,000 ne suka isa. Su da kansu suna kiran kansu «stampeders». A nan kwaɗayi ne yake kora, ba tsoro ba, amma hoton bai sake ba: taro mai bin na gaba ba tare da tunani ba.

Kalmomin da ke kewaye da ita duk wannan hanya suke bi. «Panic», wato «panique» a Faransanci da «pánico» a Sipaniyanci, daga sunan Pan take, abin bautar makiyayan Girka da ake cewa yana firgita garke ba gaira ba dalili. «Mob» gutsure ce daga maganar Latin mai nufin talakawa marasa tsayayyen ra'ayi. «Rout», ƴar uwar «déroute», karyewar runduna ce. A 1895 Gustave Le Bon ya ba wannan tunani rigar ilimi a littafinsa Psychologie des foules, inda ya nuna cewa mutum yana zubar da hankalinsa da zarar ya shiga taro.

Abin da ke kashe mutane a cunkoso

Binciken da aka yi a kan manyan haɗurra ya nuna wani abu dabam. A ranar 16 ga Yuni 1883, a zauren Victoria Hall na Sunderland a Ingila, yara suka sauko daga bene don karɓar kayan wasa da aka yi musu alkawari. A ƙasan matakala akwai ƙofa mai buɗewa ta ciki, an sakale ta an bar gurbin da bai wuce mutum ɗaya ba. Yara 183 suka mutu. Babu wanda ya firgita su, murna ce ta kawo su. Bayan wannan ne aka wajabta ƙofofin fita masu buɗewa ta waje a wuraren taro, aka kuma ƙirƙiro sakatar da turawa kawai take buɗe ta.

Masana irin su John Fruin a Amurka da Keith Still a Birtaniya sun bayyana yadda abin yake. In mutane suka wuce biyar ko shida a murabba'in mita ɗaya, ba wanda ke da ikon ƙafarsa. Taro yakan koma motsi kamar ruwa, turi ya bi jiki zuwa jiki. Na baya ba ya ganin abin da ke faruwa a gaba, sai ya ci gaba da tafiya. Mafi yawan waɗanda ke mutuwa matsewar ƙirji ce take hana su numfashi, sau da yawa suna tsaye. An tarar da shingen ƙarfe ya lanƙwashe a irin waɗannan wurare. Dirk Helbing, wanda ya nazarci hotunan haɗarin wurin jifan Shaiɗan na 12 ga Janairu 2006, inda alhazai fiye da 340 suka rasu, ya nuna cewa taron ya fara tafiya yana tsayawa, sannan ya shiga tangaɗi, kafin mutane su fara faɗuwa. Wanda ba ya iya ɗaga hannu ba ya iya gudu. Shi ya sa masanan suke roƙon ƴan jarida su bar «stampede» su ce «crowd crush», wato matsewar taro.

Hillsborough ita ce ta fi nuna abin da ke cikin wannan bambanci. A ranar 15 ga Afrilu 1989, a Sheffield, ƴan sanda suka ba da umarnin buɗe wata ƙofa don rage cunkoso a waje, ba su kuwa rufe hanyar da ke kai wa sassan da suka riga suka cika ba. Magoya bayan Liverpool 96 suka mutu, na 97 ya cika a 2021 sakamakon raunin da ya samu. Tun ranar aka yaɗa cewa ƴan kallo ne suka fasa ƙofar, kuma jaridar The Sun ta zarge su da maye da satar kayan matattu. Rahoton alƙali Taylor ya ce gazawar ƴan sanda ce babban dalili, amma sai a Afrilun 2016, bayan shekaru 27 na fafutukar iyalai, masu taya kotun bincike hukunci suka yanke cewa an kashe mutanen ne ba bisa doka ba, kuma ƴan kallo ba su da laifi.

Sipaniyanci ma yana da nasa tabo. «Avalancha», wadda aka aro daga Faransanci, zaizayar ƙanƙara ce daga kan dutse, abin da ba a tuhumar kowa a kansa. Da ita aka siffanta abin da ya faru a ƙofa ta 12 ta filin River Plate a Buenos Aires a ranar 23 ga Yuni 1968, inda mutum 71 suka mutu, mafi yawansu samari, kuma ba a hukunta kowa ba. A Lima, a ranar 24 ga Mayu 1964, hayaƙi mai sa hawaye da rufaffun ƙofofi suka kashe mutum fiye da 300, kamar yadda suka kashe 126 a filin Accra a ranar 9 ga Mayu 2001. «Desbandada», ƴar uwar «débandade», watsewar runduna ce ba tsari. Mutanen Andalus suna kiran abin da ya faru a Fabrairun 1937 «la Desbandá»: dubun dubatar farar hula da suka bar Malaga zuwa Almeriya, jiragen ruwa da na sama na ɓangaren Franco suna yi musu ruwan wuta a kan hanya, dubbai suka mutu. Sunan yana faɗin gudun da suka yi, ba ya faɗin wanda ya harbe su.

Abin da ya rage ga mai fassara

Wannan tarihi bai yi nisa da mai jin Hausa ba. A Mina, a ranar 24 ga Satumba 2015, ayari biyu na alhazai suka haɗu a mahaɗar titi na 204 da na 223. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 769 suka rasu, lissafin da kamfanin dillancin labarai na AP ya tattara daga ƙasashe kuma ya wuce 2,400, cikinsu har da alhazan Nijar da Najeriya masu yawa. Tun ranar farko ministan lafiyar ƙasar ya ce wataƙila wasu alhazai ba su bi umarni ba. A Diffa, a ranar 17 ga Fabrairu 2020, mutum wajen 20, mafi yawansu mata da yara, suka rasu a ƙofar wurin rabon tallafi. A duka biyun jaridun Ingilishi «stampede» suka rubuta.

Hausa ba ta da wannan gado. Turmutsitsi a kunnen Bahaushe tana tafe da hoton matsi da turmushewa, ba ta da warin garke. Harshen ya kuma rarrabe abubuwan da Ingilishi ya cure wuri ɗaya: cunkoso dabam, rububi dabam, gudun ceton rai dabam, firgitar dabbobi dabam. Haɗarin yana wurin fassara, inda mai gaggawa zai ga «stampede» ya ƙara daga kansa cewa jama'a sun firgita sun tattake juna, alhali ba wanda ya tabbatar da haka. Malamin da ke koyar da Ingilishi ko Faransanci, da ɗan jaridar da ke juya labari zuwa Hausa, suna da tambayoyin da za su sa a gaba kafin su zaɓi kalma: mutum nawa aka tara, faɗin ƙofar nawa ne, a buɗe take ko a rufe, wa ke riƙe da mabuɗinta. A Sunderland amsar waɗannan tambayoyi ce ta sauya yadda ake gina ƙofofi. A Sheffield kuwa sai da iyaye da yawa suka mutu kafin a wanke sunan ƴaƴansu.